Fangalin da Baba yake bari

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habu, Allah ya jiƙansa. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ya rasu. Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Baba manomin shinkafa ne a fadamar kogin Haɗeja. Idan ruwan ambaliya ya janye, yakan yanka gonarsa fangali-fangali ya yi dashe kamar kowa. Abu ɗaya ne ya bambanta shi da maƙwabtansa: duk wani sabon abu da aka kawo, taki ne ko maganin ciyawa, zai sa wa gona duka amma ya tsallake fangali ɗaya, na can ƙarshe ta wajen kogi. Ina tuna shi da kwano a hannu yana watsa taki, idan ya iso wurin sai ya dunƙule hannunsa ya wuce.

Maƙwabta sun sha yi masa tsiya. Wani ya taɓa ɗaga murya daga gonarsa ya ce, “Malam Habu, wannan fangalin zaginka ya yi ne kake hora shi da yunwa?”

Baba ya ce, “Barni da shi. Duk gonar nan shi kaɗai ne ba ya yi min ƙarya.”

Wata shekara aka kawo wani sabon taki, shinkafa ta yi kyau, kowa yana yabon takin. Shi kuwa fangalin da bai samu ko ƙwaya ba, ya yi kai ɗaya da sauran. Baba ya tsuguna ya ɗebo laka ya murza, ya ce mini yana zargin ruwan bana ne ya kawo wa ƙasa abinci, ba taki ba. Amma bai je yana faɗa a majalisa ba. Ya ce shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Da shekara ta zagayo, fangalin ya fito a rame, sauran suna cike. Bai ji kunya ba, ya ce, “To, takin ma yana da nasa aikin. Mu ga ta uku.” Bai ga ta ukun ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin a yi dashe.

Bana a makaranta malamar kimiyyarmu ta koya mana yadda ake bincike. Ta ce mutum ya fara lura, ya yi tambaya, ya yi hasashen amsa, sannan ya gwada. Ta ce dole a ware wani ɓangare da ba a taɓa ba, don a samu abin kwatantawa. Sai ta tambaya ko akwai mai misali. Ina da shi a bakina, amma na kasa ɗaga hannu. Na sunkuya ina kallon littafina har rubutun ya dushe. Baba karatun allo kawai ya yi. Da yana nan, da na koma gida da gudu na gaya masa cewa abin da ake yi masa dariya a kai, shi ake rubuta mana a allon makaranta.

Yanzu ƙanensa, Baffa Garba, shi ke noma gonar, kuma daga ita muke ci. Bara shinkafar ta yi ɗorawa-ɗorawa, buhunan da aka samu ba su kai mu ko'ina ba. Wani ya ce ƙasa ce ta gaji. Wani ya ce ciyawar kacala ce ta toshe hanyar ruwa. Baffa ya ce ƙarancin taki ne, bana ninkawa zai yi a gonar duka. Na ga wani farin ɓawo a saman ƙasar da ban san shi ba a zamanin Baba. Idan takin ne ya yi yawa, ninkawar za ta ƙarasa gonar, kuma babu wanda zai gane dalili. Na yi ta tunanin me Baba zai ce. Na san ba gardama zai yi ba.

Kwana uku ina shirya maganar. Ranar sa taki na kai wa Baffa abinci, na durƙusa, na ce, “Baffa, da za a bar min fangali ɗaya.”

“Ki yi me da shi, uwata? Lalle za ki shuka?”

“A sa masa taki kamar na bara kawai. Kada a ƙara.”

Ya dube ni ya ce, “Ashe taurin kan Yaya yana nan da rai. Ɗauki nasa na bakin kogi.”

Na ce na tsakiya nake so, don na bakin kogi ya fi sauran samun laka, kwatancen ba zai yi adalci ba. Sai da na faɗa na gane mahaifina na yi wa gyara. Duk hanyar gida abin yana damuna. Amma mutumin da ya yarda fangali ya ƙaryata shi, ban jin zai ƙi gyaran 'yarsa. Abin da ke min ciwo shi ne ba zan ji amsarsa ba.

Bai bar mana littafi ba, hotonsa ma ɗaya ne. Abin da ya bari shi ne haƙurin cewa “ban sani ba tukuna”, da hanyar da za a bi a sani. Duk Asabar nakan je da rula in auna tsayin shinkafar, in rubuta a bayan littafin kimiyyata. Asabar da ta wuce na tarar Baffa ya riga ni, yana tsugune a kan kunyar gona yana duba nan yana duba can.

Bai ɗago ba ya ce, “Naki ya fi kore. Amma kada ki yi murna, shinkafar ba ta fid da kai ba tukuna. Rubuta dai.”

Na rubuta.