Ƙafar Goggo Kulu da Bakina

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka rufe Goggo Kulu, ƙanwar mahaifina, a maƙabartar Bagudo. Duk shekara ina niyyar rubuta wannan, sai hannuna ya ƙi.

Goggo kyakkyawa ce, ko da kuturta ta cinye mata yatsu uku. Mijinta ya sake ta tun farkon ciwon, ta dawo gidanmu, aka ware mata ɗaki da ƙwarya da moɗa. Ni kuwa lokacin budurwa ce mai kwana da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi. Duk macen da na ga ta yi tagumi, sai na ƙaga mata masoyin da ya tafi bai dawo ba.

Duk wata Goggo kan shiga jirgin masunta, ta hau babur zuwa wani ƙaramin asibitin mishan kusa da iyakar Benin. Gari bai yarda da wurin ba. Ana cewa ruwa ba ya tsami banza: wane ne zai wanke gyambon baƙo kyauta in ba addininsa yake so ba? Nawa zargin daban ne. Na lura ranar tafiya takan sa kwalli, ta dawo fuskarta a sake.

Wata rana na nace na raka ta. Na leƙa ta taga, na ga wani ma'aikaci, Malam Bitrus, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa. Idanunta a rufe, yana taɓa tafin ƙafar da bakin biro a hankali.

"Kulu, nan fa?"

"Ban ji ba."

"Nan?"

Ta yi murmushi. "Na ji."

Na ga abin da na sha karantawa! Da muka dawo Baba ya ga ina zumuɗi, ya ce, "Ke, mi kinka gani can?" Na faɗa masa soyayya suke yi, har da ƙarin gishiri. Magana zarar bunu ce. Ranar ya rantse ƙanwarsa ba za ta sake taka wurin ba. Bitrus ya aiko da takalma masu taushi ta hannun wata mai sayar da kifi, Baba ya mayar.

Daga baya na san abin da na gani. Maganin ya riga ya kashe cutar, amma ƙafar ba ta jin zafi. Da biron yake gane inda ya mutu, ya jiƙa ƙafar, ya kankare fatar da ta yi kanta, ya shafa mai, don kada ƙaya ta shiga ba ta sani ba. Da ta daina zuwa kuwa, ƙayar ta shiga. Kafin damina ta ƙare gyambo ya kai ƙashi, aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa a Birnin Kebbi.

Yau ana samun maganin a asibitin gwamnati, ba sai an ƙetare ruwa ba. Amma ina ganin masu zuwa da manyan motoci suna ɗaukar hoton hannayen marasa lafiya, ban san inda hotunan ke zuwa ba. Da Goggo ce, da ta ja mayafi ta ɓoye nata. Ko 'yan mishan ɗin, har yau ban iya rantsuwa a kan abin da ke ransu ba. Suna addu'arsu kowace safiya kafin su buɗe ƙofa, wannan na ji da kunnena. Abin da na sani, Goggo ba ta taɓa barin salla ba, a zaune ma ta yi ta har ƙarshe. Ni dai na daina yarda da idona.

Sai a ciwon ajalinta na iya neman gafara. Ta dube ni, ta yi dariya kaɗan.

"Ɗiyata, ina ma a ce abin da kinka faɗi gaskiya ne. Shekara goma ba wanda ya taɓa jikina sai shi, shi kuwa aikinai shika yi."

Na kama hannunta. Ranar na fara taɓa hannun nan, bayan duk shekarun da muka yi gida ɗaya.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Ta bar mini yafiyar da ban cancanta ba, da kuma sanin cewa rashin ƙafar bai kai mata zafin gudunta da muka yi ba. Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mana mu da muka ƙyamace ta.