Ɗakin da Kaka ta bayar

A gidanmu na Rogo Ruma, wutar tatsuniya ita ce wutar suyar gyaɗa. Da an idar da sallar magariba Kaka za ta ɗora kaskonta, mu kuma jikoki mu kewaye ta, rabin hankalinmu a bakinta, rabi a kan gyaɗar da ke ƙamshi. Sale ɗan baffana shi ne kullum a gindin ƙafarta. Maigidana take ce masa, kuma shi kaɗai ne ke tsoma hannu a kasko bai sha mari ba.

Doka ɗaya gare ta, ba ta tatsuniya da rana. Ta ce duk yaron da ya ji tatsuniya rana na sama, wata rana zai ɓata a hanya. Ko kuka ka yi mata, sai ta ce ka jira a kira sallah.

"Ga wata ta taso, wa zai tare ta?" in ji ta.

Mu ce, "Ta iso mu ji ta!"

Wadda Sale ya fi roƙo ita ce ta tsohuwar gafiya. Wai ta haƙa rami mai faɗi, sai dabbobin daji suka zo da gaisuwa da lallami, suka ce ta ba da shi ya zama mafakar yara in ruwa ya sauko. Ta yarda, aka naɗa damo mai tsaron ƙofa. Ranar da hadari ya haɗo, gafiya ta tattaro yara ta zo, ta tarar ƙadangaru sun cika ramin maƙil suna ta shewa. Damo ya leƙo ya ce mata ta dawo in an ɗauke ruwa. A nan Sale yake miƙewa yana dukan iska, yana cewa da shi ne da ya tsinke wa damon nan wutsiya. Kaka ta yi dariya ta ce, "Zauna maigidana, miji ba ya zafin rai a gaban baƙi."

Muka girma. Ni na tafi koyarwa Karaye, Sale ya zama shugaban ƙungiyar matasan unguwa. Shi ya kawo maganar ɗakin karatu, ya ce yara sun lalace da yawon banza, ana son wuri a zuba littattafai. Kaka ta ba da shagon marigayi Kakanmu da ke bakin hanya, ba ta ko yi shawara da kowa ba. Sharaɗinta ɗaya ne, kowane daren Juma'a bayan magariba a bar mata ɗakin ta yi wa yara tatsuniya. A gabana Sale ya durƙusa ya ce, "Kaka, in dai ina numfashi, wannan lokacin naki ne." Ni da kaina na kwaso littattafai a bayan babur tun daga Karaye, ina jin kamar an yi mini sallah.

An yi damina ɗaya ana haka. Yara na cika ɗakin, har iyaye mata kan tsaya a bakin taga.

Wata Alhamis na zo gida, bayan magariba na riƙo hannun Kaka muka nufi shagon, yara na biye da mu. Tun daga nesa muka ji ƙarar janareta. An jera bencina, an rataya talabijin a bango, samari sun cika ciki suna ihun ƙwallo. Littattafan kuwa an tura su cikin kwalaye a lungu, wani ma ya zauna a kai. Sale ya fito yana sosa ƙeya.

"Kaka, sannu da zuwa. Wasan nan da yamma ake bugawa, ba yadda za mu yi. Ki riƙa zuwa da hantsi mana, lokacin babu kowa."

Ta daɗe tana kallonsa. "Da hantsi? Salisu, ni ce zan ɓatar da 'ya'yan mutane?"

Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa na yanka ba sai ranar. Ta juya ta ce wa yaran su tafi gida. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin da baƙo ne ya yi mata haka da na ce bai san dokarta ba. Sale ya san ta sarai, a gindin ƙafarta ya koye ta.

Ba ta sake zuwa shagon ba, ba ta kuma yarda na kai ƙara wurin mai unguwa ba. Da Allah ya yi mata rasuwa, an rufe gidan kallon ranar jana'iza, washegari aka tayar da janareta.

Muna yara na ɗauka labarin gafiya darasi ne a kan mugun mai tsaron ƙofa, wanda za ka gane shi daga nesa. Yanzu na san damon ma wataƙila a ramin ya girma, ya ci gyaɗar gidan. Kaka ta yi shekaru tana hana mu tatsuniyar rana don kada ɗayanmu ya ɓata. Wanda ta fi so kuwa bayan magariba ya ɓace mata, tana tsaye tana kallonsa.