Hantar Kaza a Gaban Surukata

Na manta abubuwa da yawa na aikin ga, amma ban da ranar da Mushe Pol ya shigo gidana da kaji biyu a hannu. Ƙarshen damanar 1964 ce, ina lebura a gidan kiwon kaji na sarwisin dabbobi, nan Tawa. Ku da kunka shigo da manyan takardu, ga yadda aikin yake: ana kawo mana ƴan tsakin Turai mu rene su, in sun zama zakaru a kai su Afala da Takanamat a musanya da na ƙauye don iri ya gyaru. Mushe Pol (Mushe kamar a ce Malam ne da Faransanci) shi ne shugabanmu, malamin dabbobi, Kirista daga kudu. Ni aji uku na yi a lakkwal, don haka shara da haɗa abinci da riƙon makullin magaza, wato ɗakin ajiya, su ne rabona. Har yau da furfurata su ne.

Abincin kajin gero ne da dussa da tunkuza, wato abin da ke raguwa in an matse man gujiya. Waccan shekara kamyon da ya kawo tunkuzar ya sha ruwa a hanya, rufin magazar kuma yana yoyo. Da na buɗe buhunan na tarar hunhuna ta kama su, kore-kore. Na yi abin da kowa ke yi a gidansa: na shanya, na kakkaɓe, na ci gaba da haɗa wa kaji. Buhu uku da sunka fi lalacewa munka ware, kuma a al'adar wurin abin da anka ware na leburori ne. Ba mu ɗauke shi sata ba, ba mu dai gaya wa Mushe.

Lokacin matata Hadiza ta haihu, uwarta Inna Hajo ta zo daga Tebaram zaman jego. Na kai rabona na tunkuzar gida. Tsohuwa ta wanke, ta soya, ta daka da barkono da citta, yajin jego cike da ƙwarya, sai ranar suna a fara ci da nama.

Ana nan ƴan tsaki sunka kama mutuwa. Su daina ci, su saki fikafikai, da safe in kwashe gawa. Mushe ya ba da magani, mutuwar ba ta tsaya ba. Ni na lura cewa garken da tunkuza ba ta kai gare su ba, gero zalla suke ci, ko guda bai mutu ba. Na gaya masa. A rapor, wato rahoton da anka rubuta, ba a sa sunana ba, amma bar wannan. Ya ɗauko wata takarda da anka aiko daga Yamai ya fassara mini: hunhunar gujiya tana barin dafi, dafin yana cin hanta, ta kaza ko ta mutum. Na ce ai an shanya. Ya ce rana ba ta kashe shi. Na ce in an soya fa? Ya cire tabarau ya dube ni.

"Illa, wa ke soya wa kaji abinci?"

Na faɗi gaskiya, ina jiran ya ce in aje makulli. Bai ce ba. Ya tambaya ko mai jego ta ci. Na ce sai jibi. Ya ce in tafi yanzu in zubar. Na ce masa ni ko ruwa ban taɓa sha gaban surukata ba, balle in ce ta zubar da abin da ta wuni tana daka. Ya yi tsaki, ya kama tsako guda cikin marasa lafiya, ya biya gidansa ya kamo kazarsa, munka tafi da rana tsaka.

Ya durƙusa ya gaida Inna kamar ɗanta, ya yi bayani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita ta ci abin da ya fi wannan muni a shekarar yunwa, ga ta da ranta, kuma abin da wuta ta taɓa ya tsarkaka. Ni ina bakin zaure, kaina ƙasa.

Bai yi gardama ba. Ya miƙo mini kajin ya ce, "Yanka, Illa. Yankana ba ya ciyuwa a gidan ga." Inna ta yi dariya. Na yanka, ya roƙe ta ta gyara su da hannunta, tunda ta fi shi sanin cikin kaza. Ta fara da tasa, hanta ja sumul. Ta buɗe tsakonmu, sai ga hanta ta kumbura, ta yi fari-fari da ruwan ɗorawa, tana marmashewa a yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga mi ya ci?"

Mushe ya ce, "Abin da ke cikin ƙwaryarki, Inna."

Ta wanke hannu, ta ɗauki ƙwaryar da kanta, ta ce in haƙa rami mai zurfi don kada awaki su tono. Wannan ce magana ta farko da ta taɓa yi mini kai tsaye. Kazar Mushe kuwa ita Hadiza ta sha romonta. Da maraice munka bi sauran leburori gida gida, munka karɓo nasu, munka ƙone har da na magaza.

Ɗiyar da anka haifa a lokacin, yau tana da nata ƴaƴan. Mushe Pol an mai da shi kudu, ban ƙara ganinsa ba. Na ga shugabanni bayansa, mafi yawa sun iya karanta wa mutum takarda. Shi kaɗai ya san cewa tsohuwar ƙasarmu ta Adar ba ta zubar da abinci don takarda ta ce, sai ta gani da idonta. Shi ya sa in kun ji ina faɗa a kan buhu mai wari, kada ku ce tsoho ya cika mita. Abin da kaza ta ƙi a gidan ga, tukunyar wani lebura yake nufa.