Sabis a Kan Soron Inna

A shekarar da na haifi 'yar farina kamfanin da maigidana yake yi wa aiki suka canja tsari. Babban kamfanin ƙera motoci ne a ƙasar waje, shi kuma yana cikin masu rubuta umarnin da ke tafiyar da allon nan na gaban direba. Bai taɓa taka ƙasar ba. A zauren gidanmu yake aikin, a ƙauyenmu na ƙasar Kunci, da kwamfutarsa da farantin sola ɗaya da ya jingina a bayan rumbu.

Da can aikin yana cikin kwamfutar. Sai ya yi kwana uku yana rubutu, rana ta huɗu ya hau babur zuwa cikin Kunci inda sabis yake da ƙarfi, ya tura musu, ya dawo mana da tsire a takarda. Ana nan sai suka ce ba wanda zai ƙara ajiye aiki a tasa na'urar. Kowane ma'aikaci an buɗe masa wurin aikinsa a cikin manyan injinan kamfanin, can nesa, an haɗa masa komai. Kwamfutarsa ta zama taga kawai da yake leƙawa ta ciki.

Ni iyakata aji huɗu na firamare, don haka da niƙa ya yi mini misali.

“Kamar a ce an hana daka a gida ne, kowa sai a inji. Kuma wallahi injin yana da kyau. Sabon ma'aikaci a da sai ya yi sati yana haɗa kaya, yanzu kafin shayinsa ya huce ya fara aiki.”

Na ce, “To Malam, wanda ba shi da hanyar zuwa injin fa?”

Sabis ɗin zaurenmu kuwa kamar baƙon da ba ya zama ne. Zai danna harafi, sai ya gama ƙifta ido sau uku kafin ya fito. Wani lokacin allon ya daskare, in ji yana salati. Shugaban rukuninsu ya ba shi zuwa ƙarshen wata. Ya fara maganar kama ɗaki a Kano, ya riƙa zuwa mana ranar Asabar.

Ga yarinya tana wata biyar, yau zazzaɓi, gobe gudawa. Ni kuwa ko atishawa ta yi sai gabana ya faɗi. Shi ne yake lura da fuskata, ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti ba tare da na ce komai ba. In ya tafi Kano wa zai gane?

Sati guda ya yi yana yawo da waya a sama kamar mai neman wata. Ya je gona, ya je bakin firamare, ya je wajen rijiyar burtsatse. Ko'ina sandar sabis biyu a wayar, ta koma ɗaya. Ni kuma na san inda sandunan suke cika, na kasa faɗa.

A kan soron Inna ne, mahaifiyarsa, a kusurwar gabas wajen indararo. Lokacin kaka ne, ni nake hawa tsani in shanya kuɓewa da barkono. A can na gano waya tana shiga tar, har hoton mutum yana motsi ba ya yankewa. Shi ba zai taɓa sani ba, don namiji ba ya hawa soro haka kawai. Daga can ana ganin tsakar gida huɗu, har da na Liman. Ko yaɓe za a yi, sai an yi shela mata sun shige ɗaki.

Abin da ya rufe mini baki kuwa kunya ce. 'Yar fari ce, ba a so uwa ta nuna ta damu da ita. A gaban Inna ko sunanta ba na faɗa, in ta yi kuka sai in yi kamar ban ji ba har a ce in ɗauke ta. To kullum na hau shanya sai in kira yayata da ke aure a Zariya in zazzage mata: kashin yarinya ya yi kore, maɗigarta tana bugawa da sauri, ta ƙi kama nonon hagu. In na ce ga inda sabis yake, dole a tambaye ni yadda aka yi na sani.

Ranar da na ga ya sauko da jakarsa yana kakkaɓewa, na kai masa fura zaure, na tsaya ban fita ba.

“Lafiya?”

“Malam, akwai sabis a gidan nan.”

“A ina? A cikin tulu?”

Na faɗa masa duka, idona a ƙasa. Ya yi dariya har ya ƙware da fura.

“Wato kuɓewar nan da ba ta bushewa, ashe Zariya take zuwa!”

Bai iya hawa ba sai da izinin Inna, soronta ne. Na so ƙasa ta buɗe in shige da ya ja ni gabanta. Tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Yau kuka sani? Gadona yana ƙarƙashin wajen. Ta indararo nake jin komai. 'Yar nan, koren kashi haƙori ne, na so in faɗa miki, na ce bari dai yayar taki ta ci albashinta.”

Na rufe fuska da mayafi. Ta ce, “To rufe, amma ki riƙa tambayata. Bakwai na raina.” Sannan ta juya kansa. “Kai kuma ba za ka zauna mini a kan soro kana kallon matan mutane ba. Hawa ɗaya, ka gwada, ka sauko.”

Da hantsi ni na zaga gidajen huɗu na sanar. Matar Liman ta ce, “A ce masa ya yi sauri, wake na ɗora. Kuma in motar ta fito a ba mu gaba.” Maigidana ya tsaya gindin tsani ya ɗaga murya, “Za a hau sama!” Sau uku, kamar mai kiran sallar farko a rayuwarsa. Ya hau da kwamfutar da 'yar na'urar sabis ɗinsa, mai kamar sabulun wanka. Ina ƙasa riƙe da tsani, yarinya a bayana, ina karanta duk addu'ar da na iya.

Can na ji ya ce, “Allahu akbar.” Ya leƙo. “Ina dannawa yana fitowa!”

Shi ya ga dabarar da kansa: na'urar ce take bukatar soro, ba shi ba. In tana can, tana iya jefo masa sabis har rumfar Inna, amma ba ta kai zaure. Sai dai a hau da ita da safe, a sauko da ita a yi caji, kuma rana ba ta sonta. Wannan ya zama aikina. Nakan ɗora ta a kan bulo, in kifa mata tsohon kwando.

Haka ya baro zaure ya dawo tsakar gida, tsakanin turmi da akurkin kaji. In zai yi magana da mutanen rukuninsu sai ya roƙi a dakata da daka, Inna ta ce hatsinta bai san Turawa ba, ta ƙara lugude biyu sannan ta ajiye taɓarya. Wata ya ƙare, aka shiga wani, maganar Kano ba ta sake tasowa ba. Ban tambaye shi me shugaban nasu ya ce ba, shi ma bai faɗa ba. Ranar wata Laraba dai jikin yarinya ya yi zafi, ina fitowa daga ɗaki ya dube ni sau ɗaya, ya rufe kwamfutar ya tafi ɗauko babur.