Baban Fili, Wanda Ya Sa Masu Zanga-zanga Cire Takalma

Kafin rana ta yi zafi ya riga ya ja tiyo ya shayar da rabin fili. Daga nan sai ya tsuguna a bakin raga, inda ƙafar mai tsaron gida ke cinye ciyawa, yana dasa sabuwa tsinke-tsinke da wata tsohuwar wuƙa. Ranar wasa ya ja igiya, ya bi ta da gwangwanin farar ƙasa mai huji. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Baban Fili kowa ke ce masa, kuma dokarsa ɗaya ce: in ba ɗan wasa ba ne kai, ba ka taka masa ciyawa da takalmi.

Sai kulob ya faɗa hannun wani attajiri da bai taɓa zama ya ga wasa har ƙarshe ba. Ya sayar da 'yan wasan kirki, sannan aka ji zai kwashe kulob zuwa wani gari, a yanka filin a gina shaguna. Magoya baya suka yi makonni suna ɗaga kwalaye a bakin ƙofa, ko kallo ba su ishe shi ba. Wata Asabar haƙuri ya ƙare, suka zo da fartanya da diga, wai su kafce filin kowa ya rasa.

Manajan kulob ya ce a kulle ƙofa. Wata mai sayar da ruwa da ke wurin ta shaida cewa Baba ya kulle, sai da ya ga an matse na gaba da ƙarfen ƙofar, wata mata tana neman numfashi, sannan ya buɗe. Ya tsaya a kan farin layi shi kaɗai.

"Baba, kauce! Ba da kai muke ba," in ji mai gangar magoya baya.

"Da wa kuke, in ba ni ba? Shi mai kulob ɗin ya san inda famfo yake? Kai, ba kai ne ubanka ke saɓowa a wuya ba, kana majina in an ci mu? Yau har ka isa riƙe diga?"

Dariya ta suɓuce wa mutane.

"In zama za ku yi, ku shiga, filinku ne. Amma a cire takalma."

Suka cire. Ɗaruruwan mutane suka zauna ƙafa ba takalmi har la'asar, fartanyoyi jibge a waje. Ba a yi wasa ba, ba a kuma tumɓuke ko tsinke ɗaya ba.

Ranar Litinin aka miƙa masa takardar sallama, aka karɓe makullai. Maganar ƙaura tana nan daram. Ciyawar ta fara ja daga gefen gabas.

Baba, kai ne ka ƙwaci filin daga hannun masu ƙaunarsa, mai shi ne ya fi ƙarfinka. Mun gode, Allah ya saka maka. Mu da ke ihu a kan benci, mu koyi yin fushi ba tare da mun rusa abin da muke fushin dominsa ba. Wanda kuma ya bi ta bayan katanga da safe ya ga dattijo tsaye yana leƙe, ya dakata ya gaishe shi. Kada a ce masa ya yi haƙuri, ya ji wannan har ya gaji. A dai tsaya tare da shi kaɗan.