Na Kai Ƙarar Abokina a Marsai Don Kada Ya Zauna Can

Assalamu alaikum. Ni tsoho ne yanzu, amma lokacin da abin nan ya faru ni baduku ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai a Matameye, ina ɗinkin jakunkuna da kube a rumfar mahaifina. Nasara bai daɗe da kafa mulkinsa a ƙasar Damagaram ba. Ina da aboki mutumin Tsauni, wanda ya zo koyon rinin fata wurin mahaifina ya zauna da mu. Ba zan faɗi sunansa ba, nawa ma ba zan faɗa ba. Abin da ke tsakaninmu ya wuce abota, mu biyu mun san haka, amma ba mu taɓa sa masa suna ba. Ɗakinmu ɗaya, akushinmu ɗaya, mutanen gari suna cewa aminai ne, har suna yaba mana. Ni kuwa sai in yi salla in roƙi Allah gafara, in fito in tarar da shi yana jiƙa fata yana waƙa, in rasa ainihin abin da na roƙa a cire mini.

Wata shekara bayan girbi, kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya aiko gardi, wato dogarinsa, ya ce ana son dukawa biyu su tafi Faransa su nuna sana'arsu a wani babban baje koli. Ba shawara aka zo nema ba, mu biyu aka nuna. Muka hau raƙumi zuwa Kano, jirgin ƙasa zuwa Ikko, sannan jirgin ruwa kwana da kwanaki, ni ina kwance ina amai, shi yana tsaye yana kallon ruwa kamar a ciki aka haife shi. Muka sauka a Marsai, wani birni na bakin teku. Abin da ya fara ruɗa ni shi ne sun gina wani gari na ƙarya mai kama da namu, da siminti aka shafa masa jan fenti, suka zaunar da mu a ciki muna ɗinki, Nasaru suna wucewa ta bayan igiya suna nuna mu da yatsa. Na ɗauka mu muka zo kallon ƙasarsu, ashe mu ne abin kallon.

Ran Lahadi ake barinmu mu fita. Lahadin farko muka kama hanya hannunmu riƙe da juna, kamar yadda kowane aboki yake yi da abokinsa a gida. Sai mutane suka riƙa juyowa, wasu suna dariya, wani ya tofa yawu kusa da ƙafata. Ba mu san laifinmu ba. Muna cikin haka muka ji an yi mana sallama da Hausa. Wani dattijo ne mutumin Tasawa, tsohon soja da ya ƙi komawa bayan babban yaƙin Nasara, yana wankin kwanuka a wani gidan abinci kusa da tashar jiragen ruwa. Ya ja mu ciki ya zaunar da mu, ya ce mu saki hannun nan tukuna, a nan namiji ba ya riƙe hannun namiji a titi. Ya ce kullum takardar da mushe, wato Nasaran da ke kula da mu, ya ba mu ta kasance a aljihu, saboda 'yan sanda. In za mu ci abinci mu nemi kifi, mu huta da zargin naman alade. Duk wanda ya tare mu ya ce zai kai mu wani ɗaki mu ga abin mamaki, kada mu bi shi. In kuma kallo muke so, mu hau tudun da cocinsu yake kai, za mu ga birnin da tekun gaba ɗaya. Sai ya dube mu, ya rage murya ya ce akwai wani gida a lungun bayan kasuwar kifi, ran Lahadi da la'asar maza irinmu suna taruwa a can, ba mai ce musu komai.

Kalmar nan "irinku" ta daskarar da ni. Ban taɓa sanin mu iri ba ne. Na ɗauka ni da shi ne kawai a duniya, kuma ba wanda ya gane. Ga shi baƙo ya karanta mu kafin shayinmu ya huce.

Mun hau tudun, mun ga jirage kamar tururuwa, mun shiga motar ƙarfe da ke bin dogo a tsakiyar gari. A Lahadi ta uku abokina ya matsa muka je gidan nan. Ɗaki ne mai hayaƙin taba, wani yana matsa wani abin kiɗa mai kama da zugazugi, maza suna rawa da maza, kunci a kan kunci: ma'aikatan jirgi, Larabawa, Nasaru masu furfura. Na zauna bakin ƙofa ina kallonsu. A titi an hana mu riƙe hannu, a nan kuwa ana rungumar juna da rana tsaka. A gida kowa yana ganinmu tare, ba wanda ya ga komai. To ina ne ake ɓoyewa, ina ne ake fili? Abokina kuwa dariya yake, har ya tashi ya taka. Da muka fito ya ce mini yau ne ya fara numfashi. Ni ji na yi kamar an tuɓe mini riga a kasuwa.

Da lokacin komawa ya ƙarato, ya gaya mini shi ba zai koma ba. Dattijon nan ya samo masa aiki wurin wani mai ɗinkin takalma, kuma akwai wurin mutum biyu. Na ce masa ina zan kai uwata da rumfar ubana, in mun mutu a nan wa zai yi mana wanka da salla? Ya ce in mun koma, kafin shekara kowannenmu zai yi aure, mu riƙa gaisawa a wurin suna kamar baƙi. Ya ce ba zai tilasta ni ba, amma ana gobe jirgi zai tashi shi zai fice. Kwana uku ina ɗinki ina soke yatsana. Rana ta huɗu na sami tafinta na ce ya gaya wa mushe abin da abokina ya shirya. Na gaya wa kaina sa masa ido kawai za su yi har ya shiga jirgi, in mun isa gida zai huce.

Ba haka aka yi ba. Nan take suka kulle shi. Suka tambaye ni wa ya taimake shi, don tsoro na kwatanta musu gidan abincin, daga baya na ji an kori dattijon daga aikinsa. A jirgi can ƙasa aka ajiye abokina tare da kaya, ban gan shi ba sai a Ikko, bai ko dube ni ba. A Damagaram aka sa shi kaso, wato kurkuku, daga nan aikin tilas na fasa dutsen hanya. Ni kuwa kumandan ya ba ni takardar yabo a gaban jama'a, mahaifina yana ta murna. Da aka sake shi ya koma Tsauni ya kama noma, bai sake taɓa fata ba.

Na yi aure, na haifi 'ya'ya, ina son su. Bayan shekaru masu yawa na ji ba shi da lafiya, na daure na je. Ya sa aka kawo mini ruwa kamar kowane baƙo, muka yi maganar damina. Da na miƙe zan tafi ya ce, "Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Don ba ka iya rabuwa da ni ka yi, ko don tsoron gidan nan na Marsai?" Na fara kame-kame. Ya ce in bari, Allah ya kiyaye hanya. A daminar nan ya rasu.

Abin da ke tsakaninmu, na bar wa Allah hukuncinsa, ni dai har yau ban iya warware shi ba. Amma abin da na yi a Marsai na san cin amana ne. Don haka nake jan kunnen duk wanda tafiya za ta kai ƙasa mai nisa tare da wanda yake so: ku tambayi al'adar mutanen wurin kafin ku taka titinsu, ku riƙe sirrin wanda ya taimake ku, kuma ku sani hanya tana canja mutum, mai yiwuwa abin da zai buɗe wa ɗayanku ido shi ne zai firgita ɗayan. In haka ta faru, ka yi kuka, ka roƙe shi, ko ka yi masa sallama ka hau jirginka. Kada ka kai maganarsa wurin mai mukulli. Ni na dawo da abokina gida, mun yi shekara talatin tsakaninmu tafiyar yini ɗaya, kuma sau ɗaya na sake jin muryarsa.