Delmer Teague da Banjon Goggo Dovie

Kowace safiya, kafin hazo ya sauka daga kan duwatsunmu na yammacin Karolina ta Amurka, Delmer Teague ya riga ya buɗe rumfarsa ya hura murhu. Yakan ɗora kofi, ya bi fatun gafiyar daji da ya jiƙa cikin ruwan toka yana taɓa su da yatsa, sannan ya zauna da wuƙarsa. Tun yana saurayi yake sassaƙa banjo, molon ƙasarmu, irin na kakanni: wuya sumul ba ƙarfe a kai, ciki a rufe, tsirkiya biyar. Bana ya ce zai ajiye wuƙar, hannu ya fara rawa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban yi nisa a makaranta ba.

Na sha zama a rumfar nan don ina son abin mamaki, kuma a can ba ya ƙarewa. Na ga fatar banjo ta saki tun rana na tsaka, Delmer ya ce a kwashe shanya, aka kuwa sheƙa ruwa. Na ga ya ƙi yi wa wani baƙo banjo don mutumin ya ce a bango zai rataya shi. Amma abin da kwarinmu ba zai manta ba shi ne na Goggo Dovie Ramey.

Goggo Dovie makauniya ce, ta haura tamanin. Kowace shekara a watan Yuni, ranar da muke gyaran kaburbura mu zuba furanni mu ci abinci a harabar coci, takan zauna a gefen kabarin mahaifinta Lonzo ta kaɗa masa waƙarsa da banjon da ya bar mata. Bara da kaka gobara ta cinye gidanta. An fito da ita lafiya, banjon ya zama toka. Ta aika aka kira Delmer, ta ce ba sabo take so ba, wancan take so, kuma kafin Yuni, don ba ta jin za ta ga wani Yunin bayansa.

Ba hoto, ba awo. Abin da ya rage yana cikin tafin hannunta. Delmer ya ciro katako daga tsohon rumbun tabar Lonzo, ya riƙa sassaƙa wuyan kaɗan-kaɗan yana kai mata gidan 'yarta inda take zaune. Ta shafa ta ce nan ya yi kauri, nan kuma babu ramin da babban yatsan babanta ya ci. Ya koma ya gyara. Tana kiransa ɗan Teague, ko da yake shi ma furfura ce fal kansa, tana yi masa tsiya cewa kunkuru ya fi shi sauri. Shi kuma ya ce ai ita ce ta hana aikin tafiya, yatsunta sun fi na alƙali bin diddigi.

A watan Maris ya ɗaura fata ya kai mata. Ni na raka shi. Ta kaɗa, murya ta fito tangaram, har 'yarta ta fara share hawaye. Goggo ta miƙa masa abinsa.

"Yana da kyau, ɗan Teague. Amma ba na Baba ba ne. Na Baba akwai ƙudan zuma a ciki."

Wani zai ce tsufa ne. Kai ba ka ce haka ba, Delmer. Kai ne ka koma ka sassauta fata, ka canza jakin da tsirkiya ke hawa, ka sake kawowa, ta sake girgiza kai. Kai ne ka zauna ka tambaye ta ko takan ji wani abu na gangarawa a cikin na babanta idan ta karkata shi. Ta ce ƙwarai, kuma babanta ya hana a jijjiga shi tun tana ƙarama. Nan ka gane. Mutanen dā sukan jefa wutsiyar wani macijin ƙasarmu, mai kaɗawa kamar caki, cikin banjo da goge, wasu su ce don korar ɓera, wasu su ce don murya. Lonzo ya sa tasa ya rufe, bai gaya wa kowa ba.

Aka shiga neman wutsiya. Waɗanda mutane suka adana a aljihun tebur duk sun bushe; Delmer ya gwada, suka farfashe ba amo. Sai sabuwa, macizai kuwa suna ƙarƙashin dutse suna barcin sanyi. Ana cikin haka ciwon huhu ya kwantar da Goggo. Masu zama a shagon man fetur suka fara cewa Delmer na jiran maciji, mutuwa kuma ba ta jiran Delmer. Wasu suka ba shi shawara ya zuba busasshen wake a ciki, ai makauniya ce. Ya ce idonta ne ya tafi, kunnenta na nan.

Ni kam duk dutsen da na gani sai na leƙa ƙarƙashinsa, ina tunanin wane macijin ne ke kwance bai san an yi masa tanadin aiki ba. A ƙarshen Mayu, Oleta mai raba wasiƙu ta tarar da wani da motar katako ta take a kan hanya. Ta yanke wutsiyar, ta bar rabon ranar, ta shigo rumfar tana ɗaga ta sama kamar ta ci gasa.

Ranar gyaran kaburbura aka kawo Goggo a kujera, an lulluɓe ta da bargo duk da zafi. Soyayyiyar kaza da burodin masara na kan tebur ba wanda ya taɓa. Delmer ya ɗora mata banjon a cinya. Ta karkata shi, ta saurara, ta kaɗa. Ƙarƙashin kowace tsirkiya sai ga wani siririn guna-guni yana bi. Ta tsaya, ta juya fuskarta wajen kabarin.

"Baba, ga shi nan. Ban yar ba."

Ta kaɗa waƙar har ƙarshe, ta ƙara wata, tsofaffi suka tashi suna taka rawa a kan ciyawa, fasto na tafa musu.

Mun gode, Delmer, mai kunnen jin abin da ya ƙone. Yau Goggo Dovie ta miƙe, tana kaɗawa a baranda kullum da yamma, har ta fara zancen Yuni mai zuwa. Ku masu sana'a, in tsoho ya kawo muku magana mai kama da shirme, ku ja kujera ku sake tambayarsa.